Abincin Wanda Bai Dawo Ba

Sanyin asuba bai sake mu ba muka bar Tawa, a bayan motar albasa mai zuwa Ƙonni. Mu biyu ne, ni da babban ɗan yayata, wanda bai taɓa wuce kasuwar Kalfu ba. Yayar tawa tana Tabaram, ta tsufa har idonta ya fara rufewa. Ƙaramin ɗanta Abarshi ya bi sojan Faransa zuwa yaƙin Koriya, aka gama yaƙi ya yi aure can ya zauna. Ta sayar da shanunta ta ce mu je mu kawo mata shi kafin ta cika.

Daga Kano muka hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga nan jirgin ruwan kaya. A baya na ga Dakar, na ga Marsai, na ga Jidda, amma ban taɓa daɗewa kan ruwa haka ba. Muka sauka Busan ta ƙasar Koriya da kaka. A nan Faransancina da Larabcina da Buzancina duk suka zama kayan ado. Da hannu na sayi kifi, ya kuwa fi na Tawa arha nesa. Shinkafa ce mai tsada, talaka sai ya gauraya ta da sha'ir.

Abarshi yana dako a bakin teku. Gidansu na kan tudu, shi da matarsa da uwarta, wata 'yar tsohuwa mai farin kaya. Tun a ƙofa ya fara koya mana zama. Takalmi waje. In za ka miƙa wa babba abu, da hannu biyu. Ba ka taɓa cokali sai tsohuwa ta ɗauki nata. Kafin a tambayi sunanka sai an tambayi shekarunka, don a san gaisuwar da ta dace da kai. Ba su da gado. Hayaƙin murhu ke bi ta ƙarƙashin daɓe, ka kwanta ƙasa kamar waina a tanda. Suna jiƙa kabeji da barkono su rufe a tulu har ya yi tsami. Ɗan yayata ya ɗanɗana ya ce, "Kawu, wanga abu ya lalace ba su sani ba."

Abin da ya dame ni shirun gidan ne. Akwai hoton wani saurayi a bango, tsohuwa ba ta wucewa sai ta yi masa magana ƙasa-ƙasa. Abarshi ya ce ɗanta ne guda, ya tafi yaƙi, ko gawarsa ba a gani ba. Duk lokacin da na ɗauko zancen komawa gida, sai Abarshi ya dubi hoton ya ce mu bari sallarsu ta girbi ta wuce.

Ranar sallar, da hantsi, suka jera abinci a kan ɗan teburi gaban hoton. Abarshi ba ya rusuna wa hoto, yana nan da sallarsa, amma shi ya ɗauko teburin, shi ya buɗe ƙofar gida ya bar ta a buɗe. Tsohuwa ta soka cokali tsaye a tsakiyar shinkafa. Daga nan kowa ya fito tsakar gida ya yi tsit.

Ɗan yayata ya fito daga bayan gida, ya ga ƙofa wangale, ga abinci a ajiye, ga karen maƙwabta yana leƙe. Ya yi abin da kowane ɗan Adar zai yi. Ya ja ƙofar ya sa sakata.

Ban taɓa jin kuka irin na tsohuwar nan ba. Ba ta ɗaga murya ba, wani siririn sauti ne kamar iska a bakin tulu. Ta rarrafa ta dafa ƙofar tana kiran sunan ɗanta. Abarshi ya ce wa wansa, "Yaya, ka rufe shi waje. Yau ɗai yaka zuwa cin abinci."

Abarshi ya zare sakatar. Babu iska ranar, amma na ga tururin shinkafar ya karkata gefe guda. Karen da ke leƙe ya ja da baya, ya kwanta, ya bi wani abu da ido daga ƙofa har cikin ɗaki. Na zauna da Aznan Adar, na ga tsafinsu, ban taɓa jin tsikar jikina ta tashi haka ba. Na yi ta karanta Falaƙi da Nasi. Allah shi ne masani.

Da yamma Abarshi ya same ni. "Kawu, kun gani. Ba wani namiji cikin gidan ga in ba ni ba. In na tahi, wa za ya ɗauko teburin?" Ya ba mu bargo da hotonsa mu kai wa uwarsa. Ban matsa masa ba.

Mun iso Tabaram bayan an gama sussuka. Yayata ta saurari sawunmu ta ce, "Ku biyu na ji." Na ba ta labarin duka. Ta daɗe tana shafa bargon, sannan ta ce, "Tana ba shi abinci ya ƙoshi?" Na ce tana ba shi.

Ta tashi tana lalube, ta shiga tsohon ɗakin Abarshi, ta fito da ƙwaryar fura a rufe da faifai, sabuwar damu. Wata jikarta ta raɗa mini cewa kullum sai ta dama ta ajiye a can, tun ranar da ya tafi.

"Sha, Malam," ta ce. "Tun da wata na dafa mishi, ni na huta."

Na yi tafiya har ƙarshen duniya ina mamakin tsohuwar da ke ajiye wa ɗanta abinci, ashe a ɗakin yayata ake yi ban sani ba. Na karɓi ƙwaryar da hannu biyu na shanye.