Magen Inna Ta Tashi

Muna cikin Keke Napep daga Fadaman Mada za mu asibitin dabbobi, Inna rungume da magenta a cikin zani, magen sai karkarwa take yi, yawu na dalala.

Ƙuma ce ta dame ta, maƙwabcinmu ya taimaka mana da ragowar maganin kaskar karensa, aka ɗiga mata a ƙeya. Tun rasuwar Baba, magen nan ce abokiyar hirar Inna.

Likitan dabbobi yana jin bayani ya ce, "Hajiya, maganin kare guba ne ga mage. Nata daban yake."

Inna ta ce, "Likita, ajiye faɗan sai gobe. Yanzu dai ka tashe min ita."

Ya wanke ta da sabulu, ya yi mata allura, ya sa mata ruwa. Kwana biyu ko kai ba ta ɗagawa.

Yau da safe kuwa ta haye tebur ta sace kifin Inna, Inna na dariya har da hawaye. Alhamdulillah, mun ci nasara.

Masu mage, ku tambayi likita kafin ku ɗiga komai. Ku da me kuke maganin ƙuma a gidajenku?