Hannun Ƙarfen Halliru

Ni baduku ne, shekara goma sha ɗaya rumfata na jingine da maƙerar Halliru a kasuwar Sabon Birni. Hayaƙinsa ya ɓata mini fatu ba iyaka, mun yi faɗa a kai har mun gaji. To in na ce ba a yi maƙeri kamarsa ba daga nan har Isa, ba don ina jin daɗin maƙwabtakarsa ba ne.

A shekarun yaƙin Turawa aka zo ɗiban mutane zuwa haƙar kuza a Jos. Halliru ba shi da mai tsaya masa, sai sunansa ya shiga. Bayan wata huɗu ya dawo da hannun hagu a lalace. Dutse ya faɗo masa, yatsu uku sun tafi, biyun da suka rage ko ludayi ba su riƙewa. Maƙerin da ba ya riƙe awartaki kuwa tasa ta ƙare. Masu kawo masa fartanya suka zo jaje sau ɗaya, suka kai aikinsu gaba.

Amma a can ya ga wani abu a rumfar makanikai: ƙarfe mai muƙamuƙi biyu da ake kafewa a tebur, a murɗa masa hannu ya cije abin da aka ba shi, ba ya saki. Bayis suke ce masa. Halliru ya ce in ya samu irinsa ya samu hannu. Ya addabi Malami, wani falke mai kai goro Maraɗi, har ya kawo masa ɗaya, haƙoran murɗinsa duk sun cinye. Na biyu daga Ƙauran Namoda ya zo, sai da Halliru ya sayar da jakinsa ya saye shi, ga shi kuma rabinsa babu. Na uku shi ya tono da kansa a tsohon zangon leburorin hanya kusa da Kamarawa, tsatsa ta haɗe shi gam.

Mun yi masa dariya, ni ne ma kan gaba. Kullum yana durƙushe yana jiƙa su a ruwan tsamiya, ya goge da yashi da toka, ya ɗiga man gyaɗa, ya danne da gwiwa ya murɗa. Shekara uku yana wannan. A ƙarshe ya ciri murɗin na Ƙaura ya sa a jikin na Kamarawa, suka zauna. Ya binne kututturen ƙirya iya cinya, ya kafe shi a kai da ƙusoshi huɗu da ya ƙera, matarsa Hajo na riƙe masa awartaki.

Daga nan aiki ya dawo. Makulli, kwaɗo, wuƙa, har ƙarafan keke, bayis ya cije, Halliru ya bi da magagari. Bakinsa ma ya dawo, ya koma zagin fatuna wai suna wari. Wallahi na ji daɗi.

Damina biyu aka yi haka. Ran nan yana miƙe wani ƙarfen amalanke a cikin bayis ɗin da masaba, sai muƙamuƙin baya ya tsage. Ya kira ni na gani.

"Mi kag gani, maƙwabci?"

Na ce, "Ƙarhe na ba? Kai da kakanninka ka gama ƙarhe da ƙarhe ga wuta? Sa shi ka buga mana."

Abin da ke ransa ke nan, ni kuma na ƙara masa ƙarfi. Da hantsi Hajo ta zauna ga zugazugi. Bayis ya yi ja, Halliru ya watsa masa yashi yadda ake yi wa gatari, ni na riƙe, ya ɗaga masaba ya sauke. Bugu ɗaya. Ya tarwatse kamar tukunyar ƙasa, wani guntun har cikin rumfata. Hajo ta ci gaba da zuga wuta, ba ta ma san an gama ba.

Bayan kwana biyu wani direban motar gyaɗa ya tsaya na ɗinke masa takalmi, ya ga guntayen. Ya ce ai wannan narkakken ƙarfe ne da aka zuba a mazubi, ba a dukansa ko da zafi. Da an kai Ƙaura, da makanikai sun like tsagar da tagulla kafin azahar. Na ji kamar in nutse. Ban faɗa wa Halliru ba, ban kuma daina jin haushin bakina ba har yau.

Sauran bayis biyun gawa ne, ya riga ya cinye abin da ke jikinsu. Jaki babu, ƙarfin sake wahalar shekara uku babu. Sai ya zo ya ce in ɗinka masa ɗamarar fata da za ta ɗaure awartaki a tsintsiyar hannunsa. Na zaɓi fatar da ta fi kowace, na ɗinka. Ya ɗaura, ya ciro fartanya daga wuta, ta zame ta faɗi. Ya sake, ta sake faɗuwa dab da ƙafar Hajo. Ya daɗe yana kallonta a ƙasa har ta yi baƙi. Sannan ya kwance ɗamarar da haƙori ya miƙo mini.

"Amshi abinka. Ka yi ma wani takalmi da ita, kar ta ɓaci banza."