Gilashin Beulah da Tudun Tern Cove

Eldred Keeping bai taɓa ɗaukar hoto ba sai da ya haura saba'in. Masunci ne ɗan masunci a Tern Cove, can gaɓar Newfoundland, inda babu hanyar shiga sai ta jirgin ruwa. Hoto aikin matarsa Beulah ne. Duk auren da aka ɗaura a garin, duk jaririn da aka kai coci, ita ta ɗauka, shi kuwa nasa ɗaukar jaka da mitar auna haske. Yakan ce gilasan kyamarar nan sun fi ƙugiyar jirgi nauyi, ita kuma ta ce ya rufe baki ko nauyin ya ragu.

Kifi ya ƙare, samari suka watse, makaranta ta rufe. Beulah ta rasu, aka binne ta a kan tudun bayan coci. Ba a daɗe ba tsofaffin da suka rage suka kaɗa ƙuri'a a tashi garin. Eldred ya ƙi, aka rinjaye shi, aka sa ranar yanke wuta da tsayar da jirgi.

Abu ɗaya yake so ya tafi da shi: hoton tudun daga kan ruwa, da fararen duwatsun kaburbura a jere, yadda yake hango shi idan ya dawo daga kamun kifi. Kuma da gilashin Beulah yake so, dogon nan mai jawo nesa. Kyamararta ta fim ta daɗe da cijewa, don haka 'yarsa Rhoda ta aiko masa da ta zamani daga Halifax, irin marar madubi a ciki, tare da adafta, wato zoben ƙarfen da ke haɗa tsohon gilashi da sabuwar kyamara.

Ya kwashe lokacin sanyi yana koyo a teburin kicin. Ya ɗauki butar shayi, ya ɗauki kyanwa, ya ɗauki maƙwabcinsa Ches yana gyangyaɗi, komai ya fito tsaf.

“Kai tsoho, hoton buta nawa za ka tara?” in ji Ches. “Leƙa waje mana. Ko tsoron tudun kake yi?”

“Sau ɗaya zan ɗauke shi, ranar tafiya.”

Taurin kai ne, ba wani abu ba, kuma tsoron ma akwai shi. Tun ranar jana'iza Eldred ba ya iya kallon wajen ya daɗe.

Ranar tafiya gari ya waye tas, babu hazo ko kaɗan. Rhoda ta zo ta taya shi kwashe kaya. Da jirgi ya ja baya, Eldred ya jingina da ƙarfen gefe, ya ɗaga kyamara, ya murɗa gilashin har ya kai ƙarshe ya tsaya. Tudun bai fito ba, sai dishi-dishi. Ya mayar, ya sake murɗawa. Ƙarfen da ke gabansa ya fito har da tsatsarsa, amma duk abin da ke nesa ya ƙi.

“Baba, bari in ɗauka maka da waya,” in ji Rhoda.

“Ba da waya uwarki ta ɗauki garin nan ba.”

Ches ya roƙi matuƙin ya rage gudu, ya rage, bai yi amfani ba. Eldred ya yi ta dannawa har jirgin ya sha kwanar dutse, tudun ya ɓace.

A Halifax wani mai shagon kyamara ya duba zoben ya ce ya ɗara ƙa'ida kauri, da abin da bai kai farce ba. Irinsa yana kama na kusa, ba ya taɓa kama na nesa, shi ya sa ake fara gwada shi da abu mai nisa. Rhoda ta sayi wani mai kyau. Eldred ya gwada shi sau ɗaya ta tagar ɗakinsa, wurin ajiye motoci ya fito tar, ya mayar da kyamarar cikin jaka.

Hoton ranar yana manne a bangon ɗakin, kore dishi-dishi da fararen ɗige-ɗige. Idan baƙo ya shigo, Eldred yakan ɗora yatsa a kan ɗigo ɗaya ya ce nan Beulah take. Rhoda ta lura kwanan nan kullum wani ɗigon daban yake nunawa.