Wata-fam ɗin A-kori-kurarmu

Da muka dawo Mubi bayan an kori 'yan bindiga, mun tarar an fasa ɗakunanmu an kwashe har katifu. A-kori-kurar maigidana ce kaɗai ke nan gindin mangwaro inda ya bar ta. Ranar da za mu gudu ya cire batir ya cusa a rumbu, ga ta kuma tsohuwa, shi ya sa ba wanda ya wahalar da kansa a kanta. Da ita muke ci. Mun yi shekaru muna jigilar wake da gyaɗa daga gonarmu ta Kwaja, wani lokaci har kasuwar Michika, yana tuƙi ina gefensa, in hanya ta yi sarari ya ba ni sitiyari.

Shi bai dawo yadda ya tafi ba. Muna hawan duwatsu da ƙafa za mu tsallaka Kamaru hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Harshensa ya yi nauyi, amma hankalinsa na nan garau. Da 'yan'uwana na Kwaja suka aiko cewa sun girbe mana abin da ya tsira na wake, in zo in kwashe kafin ƙwari su gama da shi, na san tuƙin ya dawo kaina.

Na kai batir aka yi caji, mota ta tashi, na fita gwaji. Ban kai gadar mayo, wato kogin garinmu, ba allurar zafi ta haye ja, tururi ya taso daga bonet. Masu wucewa suka taya ni turawa zuwa wani gareji da ke kusa. Makaniken ya leƙa, ko kunna injin bai yi ba, ya goge hannu ya ce, "Madam, motan nan gasket ɗin shi ya ƙone. Sai an sauke kan inji." Kuɗin da ya yanka, ko na sayar da waken duka ba zai biya ba. Na yi masa godiya, na jira ta huce, na cika lagireto da ruwa, na lallaɓa gida.

Maigidana ya saurare ni har na gama. A hankali, kalma na bin kalma, ya gaya mini cewa gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, in ya ƙone ba ya ɓoyuwa, ya kuma faɗi inda zan duba. Washegari da safe, injin na sanyi, na sa masa kujera kusa da motar. Na zaro sandar auna baƙin mai na nuna masa. Man baƙi ne wuluk, bai koma kamar shayi da madara ba. Na buɗe murfin lagireto na kunna mota, ruwan bai yi kumfa ba. Na zagaya baya, salansa ba ta fitar da farin hayaƙi. Ya gyaɗa kai. Shi a zatonsa tiyo ne ya tsage saboda daɗewar da motar ta yi a ajiye.

Na bi tiyoyin da hannu, ban ji jiƙa ba. Amma ina jin wani kuka a gaban injin, ƙiii, wanda ban san motar da shi ba a duk zaman da na yi a cikinta. Na kashe ta, na kama fanka na girgiza, na ji tana rawa kamar haƙorin da ya kusa fita. Na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashi. Bayan fankar, inda wata-fam yake, wato famfon da ke zagaya ruwa cikin inji, akwai wani ɗan rami, kuma daga nan ruwa ke ɗiga yana barin sawun tsatsa. Na fito da ƙasa a ɗankwalina na faɗa masa. Ya yi dariyar da rabon da in ji ta tun kafin gudu, ya ce boris ɗin famfon, wanda fanka ke juyawa a kansa, shi ne ya cinye.

Ban koma wurin wani makanike ba sai da na shiga layin masu kayan mota. Rabin shagunan a kulle, masu su ba su dawo ba. Na bi na buɗe ɗaya bayan ɗaya ina tambayar kuɗin sabon famfo da na Beljiyam, har na riƙe su a kaina. Sannan na fara neman mai aiki. Wani ya ce zai yi mini da araha ƙwarai, da na matsa shi da tambaya sai ya fito da cewa gam zai liƙa a ramin. Na san gam ba zai hana fanka rawa ba, kuma hanyar Kwaja hawa ce.

Na ƙarshe wani dattijo ne, iyayensa daga wajen Katsina suka zo, shi a nan aka haife shi. Ya girgiza fankar kamar yadda na yi, ya faɗi abin da na riga na gano. Sai dai kuɗinsa ya fi abin da na zata.

"Baba, rarraba mini shi," na ce. "Nawa ne kaya, nawa ne hannunka?"

Bai ji haushi ba. Ya ce sabon famfo zai sa, don na Beljiyam ba a san shekarun da ya yi yana aiki ba. Ya lanƙwasa fambel, bel ɗin da ke juya fanka, ya nuna mini yadda ya tsattsage, ya ce dole a canza shi tare, a kuma wanke tsatsar da ta taru a lagireto. Kuɗin kayan da ya faɗa ya zo daidai da abin da na ji a kasuwa, bai ɗora komai a kai ba. Na nemi ragi a kuɗin hannu, ya ce, "'Yata, ni ma jiya-jiya na dawo, sifanoni kawai na tarar." Na auna na ga gaskiyarsa. Na amince, da sharaɗin a yi aikin a gabana, kuma a ba ni tsohon in kai wa maigida. Da ya ciro shi, fukafukan da ke tura ruwan duk tsatsa ta cinye su, saura guntaye.

Washegari da hantsi na kama hanyar Kwaja ni kaɗai. A shingen bincike sojan ya dube ni, ya dubi motar, ya ɗaga mini hannu in wuce. Idona na kan allura duk hawan. Inji na gurnani a giya ɗaya, duwatsu na kaɗa mu, amma allurar ta tsaya a tsakiya ba ta motsa ba. Da na shiga ƙauyen, matan da muka taso tare suka gane wadda ke bayan sitiyari, suka bar shanyarsu suka biyo motar da guɗa. Muka loda waken, wata tsohuwa ta roƙa in sauko mata da buhunan gyaɗarta Mubi, na ce a ɗora.

La'asar sakaliya na shigo unguwarmu da mota shaƙe da kaya, ina danna hon tun daga kwana. Kafin mako ya zagayo, maƙwabta masu son kwaso iyalansu da kayansu daga ƙauyuka sun fara sallama a ƙofar gidanmu, kuma ni suke tambaya.