Soron Kaka da Hoton Baffa

Ina cikin jirgin ƙasa daga Al Rayyan zuwa wurin aiki wayata ta yi ƙara. Baffa ne, yayan mahaifina, ya turo hoto a zauren danginmu na waya. Ga shi nan cikin babbar riga, ya dafa wani bango a ƙasar Turai. A ƙasa ya rubuta: "Turawa sun san darajar tarihi."

Na san irin wurin, don gyaran tsofaffin littattafai nake koyo a nan Doha. Gidan sufayen Kirista ne na ɗaruruwan shekaru, inda mutane suka bar duniya suka zauna suna ibada, suna noma, suna kwafar littattafai da hannu. Rufin ya daɗe da zubewa, amma kowane dutse an san wurinsa, ciyawar ma aske ta ake yi.

Mu ma muna da namu, ka ji. Wani soro ne na tubali a bayan gidanmu, wanda kakan kakanmu ya gina don khalwa da karatu. Ko rana ta take, ka shiga sai ka ji sanyi kamar ka leƙa randa. Azara ce a sama, ta yi baƙi ƙirin. A alkuki akwai gafakoki cike da rubutun hannu, masu warin fata da tawada. Kakata ce ke share shi kullum da hantsi, ni ina riƙe mata buta. Kafin damina kuwa unguwa ke fitowa a yi yaɓe, maza na kwaɓa ƙasa da ƙafa, mata na dama kunu.

Shekarar da kakanmu ya rasu Baffa ya dawo daga Legas da tabarau da tumbi. Ya tsaya a bakin soron, ko takalmi bai cire ba.

"Wannan ruɓaɓɓen abu ne ke sa a raina mu," in ji shi.

Kaka ta ce, "A nan ubanka ya koya maka alif."

"Inna, zamani ya wuce nan."

Katafila ta zo ranar wata Laraba. Kafin azahar an gama. Kaka ta zauna a kan turmi tana kallo, ba ta yi kuka ba, ba ta kuma sake cin abin da ya fito daga hannunsa ba har ta koma ga Allah. Littattafan aka ɗura a buhunan taki, aka jefa ɗakin kaji. Da muka buɗe bayan damina biyu, gara ta mai da su gari.

A wurin Baffa ya jera shaguna huɗu masu shuɗin gilashi. Yanzu duk sun tsattsage, ɗaya ana cajin waya a ciki, sauran kuwa awaki ke kwana a cikinsu.

Ni kuwa ga ni ina yini da ɗan burushi a kan takardun kakannin wasu, a ɗakin da ko tari sai ka juya baya. Abokiyar aikina Balarabiya ta taɓa tambayata ko gidanmu akwai irinsu. Na ce mata babu.

Da azumin bana Baffa ya kira ni. "Ke da kike wannan karatu, ki rubuta tarihin gidanmu mana. Ki sa irin rawar da na taka."

Na ce, "To, Baffa."

Na kuwa sa.