Goggo Huraira da Tukunyar da Ba a Ɗora Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Agusta, 1957, da hantsi, Allah ya karɓi ran goggona Huraira, ƙanwar mahaifina, a ɗakinta a nan Birnin Gwari. Ta bar mijinta, Baba Mu'azu, da 'ya'ya uku.

Goggo, ni ce Azumi. Kin san ban iya magana cikin mutane ba. Ranar zaman makoki mata suna ta faɗin alherinki, ni kuwa ina bayan rumbu, bakina ya yi nauyi. Abin da na kasa faɗa shi ne nake rubuta miki.

Ke kika koya mini shiga daji tsintar kaɗanya. Kin san kowace bishiya kamar gidan 'yar'uwarki. Idan ƙwaryata ba ta cika ba, sai ki faki idona ki zuba mini daga taki, mu iso gida ki ce, "Ku ga aikin Azumi, ta fi ni ido." Duk matar da ta haihu a unguwarmu, curin man kaɗanyarki yakan riga dangin miji isa. Lokacin da nake makaranta, in na dawo sai ki sa ni in karanta miki, kina tuƙa tuwo kina gyaɗa kai, ko da Turanci ne da ba kya ji.

Kuma ke ce kika sabar wa mata da zuwa ɗakin shan magani, sa'ad da kowa ke tsoronsa. Har Hassana mai kawo mana nono daga ruga, ke kika riƙe hannunta kika kai ta lokacin da ɗanta ya yi ciwon ido. Ya warke, kika yi ta murna kamar ke kika haife shi.

Zazzaɓi ne kawai ya kama ki. Ranar kasuwa ce, na raka ki ɗakin shan magani, muka tarar da layi har bakin hanya. Mun sha ganin yadda ake yi: malamin asibiti yakan kunna risho, ya tafasa allura a cikin wata farar tukunya mai ƙyalli kafin ya yi wa kowa. Ran nan risho a kashe yake. Yana yi wa mutum, sai ya ɗauraye allurar a kwanon ruwan sanyi ya kira na gaba. Wanda ke gabanki yana da gyambo a ƙafa, har ƙuda na bin sa.

Kika ce, "Malam, yau risho azumi yake yi ne?"

Ya ce, "Kananzir ya ƙare, Inna, sai mota ta zo daga Kaduna."

Kika ce, "To ga itace cike da daji. In aiko yarinya ta ɗebo maka garwashi mana?"

Ya ce tukunyar gwamnati ce, ba a ɗora ta a murhu. In Bature likita ya zo rangadi ya ga baƙi a gindinta, shi za a tuhuma. Kika yi dariya kika ce ashe tukunya ma tana da sarauta. Kika shiga bayan labule aka yi miki.

Bayan 'yan kwanaki wurin allurar ya kumbura, ya yi zafi kamar an ɗora dutsen guga. Muka koma. Da yake wurin kunya ne, ba ki iya nunawa ba, shi ma bai ce a nuna masa ba. Ta taga ya miƙo ƙwayoyi, ya ce magani ne yake aiki. Muka yarda, don shi ya sani.

Daga nan sai haƙoranki suka sarƙe, ko kunu ba ya shiga sai ta gefen baki. Bayanki ya sandare. Baba Mu'azu ya yi ta zarya tasha neman motar da za ta kai ki babban asibiti, aka ce ruwa ya cinye hanya, babu mai fita. Kina kallonmu, kina jin duk abin da muke faɗa, amma bakin da ya saba lallashin kowa ya ƙi buɗuwa. Hannuna kika riƙe har Allah ya yi ikonsa.

Mahaifina ya ce kwana ne ya ƙare, in daina tunani. Na yarda babu mai wuce ranarsa. Amma Goggo, tukunyar nan ba ta fita daga idona. Malamin ya zo gaisuwa, ya zauna can ƙarshen tabarma, kansa a sunkuye. Ban tsane shi ba. Tsoron Bature ne ya fi ƙarfinsa, mu kuma muka rasa ki.

Tun rasuwarki mata sun janye ƙafa daga wurin. Shekaranjiya kuma zazzaɓi ya rufe autarki Huseina, jiki kamar wuta. Aka ce kada a kai ta inda aka kai uwarta. Baba Mu'azu bai yarda ba. Ya tashi ya ɗauki ƙaramar tukunyarki ta miya da ɗaurin itace, ya ce in goya yarinya. A ƙofar ɗakin shan magani ya kafa duwatsu uku, ya hura wuta da kansa. Ya ce, "Malam, wannan tukunyar ba ta gwamnati ba ce, ta marigayiya ce. Baƙi ba ya damunta." Malam bai yi musu ba. Ya kawo allurar ya saka a tukunyar, muka tsaya har ta tafasa, sannan ya yi wa yarinya. Yau da safe Huseina ta sha kunu, ta tambaye ni ina kike.

Allah ya jiƙanki, Goggo, ya sa ciwon da kika sha ya zama kankarar zunubi. Ya yalwata kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba Mu'azu, da mahaifina, da ƙannena marayu, da duk matan da kika taɓa riƙe wa hannu. Allah ya ba mu haƙuri, ya raya abin da kika bari, ya sa masu riƙe da allura su ji tsoronsa fiye da tsoron kowa. Amin.