Ƙafar Hagun Kawu Sale

Kawu Sale bai taɓa satar tashi a tseren mota ba. Na ji abin da ake faɗa ranar sadakar arba'in ɗinsa, ina kicin ina zuba shayi, ƙofa kuwa a buɗe take. "Allah ya jiƙan Usta, mutumin kirki, sai dai rashin haƙuri a bakin layi." Usta, wato babban makanike a bakin Misirawa. Har da 'yar dariya ƙasa-ƙasa. To ba haka ba ne. Kuma ba tsere ne ya kashe shi ba, kamar yadda aka kai labari gida Gusau. Ku da kuka san shi, ku karanta wannan har ƙarshe.

Kun dai san ba ya tuƙi da takalmin hagu. Da ya shiga mota sai ya cire shi, in ina ciki ya ɗora min a cinya. Wai kulochi ba ya magana da roba, sai da fata. Karatun fiƙihu ya kawo shi Alƙahira tun ban zo duniya ba, ya ƙare a gareji, har kulochin ma ya koma kiransa dibriyaj irin na Misirawa. Ranar ɗaurin auren ɗan Malam Habu, abokinsa tun suna ɗalibai, ya fito daga mota da babbar riga da takalmi ɗaya, ya taka har ƙofar masallaci bai lura ba.

Na ce, "Kawu, ƙafarka."

Ya duba ya ce, "Uwata, ai dama cirewa za a yi. Na rage aiki."

Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa Uwata, ko da faɗa yake yi min.

Na zo ne bayan na gama sakandare, in riƙa dafa masa abincin masu ciwon suga, in kuma yi aiki a wani ofishin tura kaya a Wustul Balad, tsakiyar birnin. Duk Juma'ar da aka buɗe filin tsere na bayan gari, da sassafe muke fita da Hajiya, tsohuwar jar motarsa mai ƙofa biyu. Ga wanda bai taɓa zuwa ba: motoci biyu ke tsayawa a layi, kowa ya sa giya ta ɗaya, ya danne kulochi, ya ba injin wuta har allurar da ke nuna juyin injin ta hau, yana jiran koriyar fitila. Wanda motarsa ta motsa kafin fitilar, ya faɗi, ko da taƙi ɗaya ne. A cikin gari Hajiya lafiyarta ƙalau. Amma da allura ta wuce shida sai ta fara rarrafe gaba a hankali, kamar tsohuwa mai son kutsawa gaban layin burodi. Jar fitila, ya faɗi. Khalas, shi ke nan.

Wata Juma'a a filin, Usta Magdi, Bamisiren da garejinsa ke jikin namu, ya leƙa ta taga ya ce, "Ya Sale, ƙafarka ce ke ɗagawa. Tsufa ne, ma'alish, sai haƙuri."

"Ƙafata tana ƙasa har tana jin zafin kwalta."

"To ka mayar da birkin hannu mana, ka riƙe ta da shi."

Birkin hannun dai tuni Kawu ya cire shi, tare da kujerun baya da rediyo, wai rage nauyi. Ya ce, "Mota mai tarbiyya ba a riƙe ta."

Tun daga ranar 'yan filin suka sa masa suna Mista'agil, wato mai gaggawa. Yana dariya a gabansu. Da mun dawo gida kuwa, sai ya hau duba Hajiya.

Shekara uku muna neman ciwon Hajiya. Ya ce iska ce a cikin man kulochi, muka fitar da ita ban san sau nawa ba, ni a kwance a ƙasa da kwalba da sifana, shi a sama yana takawa, don ba mahaluƙin da ke zama a kujerarsa. Ya canza faifan kulochi. Ya sake canzawa. Ya kai murfin kulochin aka auna, aka ce daidai yake, ya ce ma'aunin ne ya karkace. Maganinsa ga komai kalma biyu ne: a ƙara. Shayi bai yi ba, a ƙara sukari. Kulochi bai saki ba, a ƙara masa tafiya. Wata rana na dawo aiki na tarar da gadona ya zube gefe guda. Ya zare ƙusar ƙarfen ƙafar gadon, ya yi waldarta a jikin sandar da ke tura kulochin, don ta ƙara tsawo.

Na ce, "Kawu, a ina zan kwana?"

"Ki sa littattafan fiƙihuna a ƙasan. Su ma su yi wani amfani."

Rarrafen ya ƙaru. Shi kuma ya ƙara takawa, da tsirarar ƙafa, kamar zai huda ƙarfen motar.

A nan abin ya daina ba ni dariya. Wani ɗan ƙarfe ya yanke shi a tafin ƙafar, ya naɗe da tef ɗin wuta ya yi shiru. Mai ciwon suga. Yana taka wannan kulochi mai tauri kamar dutse a kan gyambo, mako bayan mako. Da wari na gane, ba da bakinsa ba. Na yi masa rashin kunyar da har yau nake istigfari a kanta, sannan ya yarda muka je asibiti.

Likita ya duba ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa. Kawu ya ce, "Ya doktor, ba za a ɗauki ta dama ba? Totur ko da sanda ana dannawa."

Likitan ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Malam Habu ya ce ya kwantar da hankalinsa, akwai motocin da ke canza giya da kansu. Kawu ya juya fuskarsa bango. Aka yanke, amma ciwon ya riga ya shiga jini. Kwana tara ya yi. Magana ta ƙarshe mai tsawo da ya yi min ita ce, "Uwata, wallahi ban ɗaga ba." Na ce na sani, alhali ban sani ba. Ni ma a raina na ɗauka tsufa ne.

Makon jiya Malam Habu ya kawo mai saye, wanda zai farfasa Hajiya ya sayar da kayanta. Mutumin ya ce a tayar ya ji injin. Magdi ya ɗaga tayoyin baya a kan jak, ya ce in shiga, tunda ni ce 'yar gida. Karo na farko ke nan da na zauna a wannan kujera. Walda Kawu ya yi mata a ƙasa, ba ta matsowa, ni kuma gajeriya ce. Na miƙe ƙafa iya ƙarfina, kulochin bai kai ƙasa ba, saura kamar yatsu uku. Na sa giya ta ɗaya, ta shiga sumul. Na ba ta wuta. Shida. Bakwai.

Magdi ya ce, "Tsaya. Kin sa giya kuwa?"

"Na sa."

"Tayoyin ba sa juyawa."

Ya fito da ni ya shiga da kansa, ya taka har ƙasa, ya ba ta wuta. Tayoyin suka fara juyawa. Ya ɗan sassauta, suka tsaya cak. Da yamma ya sauke giyar muka gani da idonmu: yatsun murfin kulochin sun yi ƙyalli, sun ci jikin faifan. Takun ya wuce inda ya kamata ya tsaya, har yatsun suna komawa su taɓa faifan su ja shi. Kulochin yana saki tun a rabin hanya. Duk ƙarin da Kawu ya yi, shi ke sake kama shi. Magdi ya zauna a kan wata taya, ya rufe fuska da tsumman hannu, ya daɗe a haka.

Allah ya jiƙanka, Kawu. Allah ya yafe maka taurin kai, ya yafe min abin da na zata. Ya sa ka huta a inda ba a jiran fitila.

Na sallami mai saye. Magdi zai cire ƙusar gadona daga sandar kulochin, ya sa ƙarfen da zai tare kulochin a daidai inda ƙafata ta tsaya. Ban iya tsere ba, kuma ba shi zan je yi ba. Juma'ar da za a buɗe filin zan kai Hajiya bakin layi, in sa giya, in kai allura bakwai, in riƙe ta a nan har koriyar fitila ta kama, a gaban duk wanda ya taɓa kiransa Mista'agil. Malam Habu, ka zo da kujerarka, don sai kowa ya gani zan kashe injin.